Bayan An Ce "Ku Mai Da Ita Gida"

Duk wanda ya daɗe a Kontagora ya san irin motar nan. Takan shigo gari bayan magariba ta hanyar Tegina, ta yi buɗu-buɗu da ƙura, ba ta biya tasha ba sai ta zarce cikin unguwa. A kujerar baya akwai dattijuwa a kwance, kanta bisa cinyar 'yarta, an lulluɓa mata zane har wuya. Babban ɗanta yana gaba, ya rungume leda cike da katin asibiti da hotunan ƙirji da rasitai. Mako uku ke nan da aka sayar da buhunan masara da ɗan bijimin gidan aka kai ta babban asibiti a wani gari, saboda ƙullutun da ya fashe mata a nono. An yi gwaje-gwaje, an jira sakamako, daga ƙarshe likita ya ja ɗan gefe ya gaya masa ciwon ya riga ya bazu. "Ku mai da ita gida," in ji shi, "a ci gaba da addu'a."

Kashegari gida ya cika da 'yan dubiya. Wannan ta zo da kunu, waccan da lemo da ayaba, limamin unguwa ya yi addu'a aka shafa. Kowa ya durƙusa ya ce, "Sannu Inna, ya ƙarfin jiki?" sai ta ce, "Da sauƙi, alhamdu lillahi." 'Yar da ke kwana da ita ce kaɗai ta san abin da ke faruwa in ƙafa ta ɗauke. Ta san yadda tsohuwar ke cije bakin zane don kada jikoki su ji nishinta. Ta san farasitamol ɗin kemis ya daina yi mata komai. Ta kuma san dalilin da ya sa turaren wuta ba ya mutuwa a ɗakin dare da rana.

Warkewa kam sai wani ikon Allah. Amma azabar da dattijuwar ke sha cikin daren nan tana da magani, mai araha, wanda duniya ta sani fiye da shekara 200. Abin da ya yi ƙaranci shi ne ma'aikacin lafiyar da zai ɗauki al'amarin a matsayin nasa, ya bi ofis-ofis har maganin ya iso wannan ɗaki, ya kuma koya wa na ƙasa da shi yadda ake yi. Horar da irin waɗannan jagorori ya zama fanni mai zaman kansa a wasu ƙasashe, kuma garuruwa irin Kontagora ne suka fi kowa bukatarsa.

Jinyar sassauci

Likitoci na kiran wannan fanni faliyetif. Da Hausa ana iya ce masa jinyar sassauci, wato kula da mai ciwo mai tsanani da ke barazana ga rayuwarsa, a rage masa raɗaɗi da sauran wahalhalu, a kuma dafa wa iyalinsa. Mai ciwon daji na ciki, haka wanda ƙodarsa ko zuciyarsa ko hantarsa ta gaza, da mai shanyewar ɓarin jiki, da mai ƙanjamau da ya yi nisa, da yaro mai sikila da ciwon ƙashi ke kayar da shi kowane wata. Ba a jiran sai ajali ya gabato. Ana iya farawa tun ranar da aka gano ciwon, a haɗa da duk wani magani da ake yi na neman waraka.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 56.8 ne ke bukatar irin wannan kulawa duk shekara, kuma kusan kashi 14 cikin 100 ne kawai ke samu. A Najeriya, ƙiyasin hukumar binciken ciwon daji ta duniya na 2022 ya nuna sababbin masu kamuwa da ciwon sun haura 127,000, waɗanda ya yi ajalinsu kuma sun kusa 80,000 a shekarar. Na nono da na mafitsarar maza da na bakin mahaifa ne a kan gaba. Da yawa ba sa zuwa asibiti sai ciwon ya ci jiki. Mutumin Kontagora ko Mariga ko Rijau da aka ce sai an yi masa gashin ciwon daji, Abuja ko Zariya ko Sakkwato zai nufa, a kan hanyoyin da tsada da fargabar 'yan bindiga suka ƙara wa nisa. Ƙarshen tafiyar, ga mutane da yawa, shi ne dawowa gida a kujerar baya.

Wani babban kwamitin masana da mujallar likitoci ta Lancet ta kafa ya fitar da rahoto a 2017 kan yadda magungunan kashe raɗaɗi masu ƙarfi suka kasu a duniya. Rahoton ya nuna cewa rabin mutanen duniya mafi talauci ba sa samun ko kashi 1 cikin 100 na abin da ake rarrabawa. Abin da ke isowa Najeriya a lokacin bai wuce kashi 0.2 cikin 100 na bukatar marasa lafiyarta ba. Uganda, wadda ba ta kama ƙafar Najeriya a arziki ba, tana kan kashi 11. Wannan tazara aikin wasu mutane ne da ake iya kiran sunayensu.

Waɗanda suka share hanya

Ta farko ita ce Cicely Saunders, wata baturiyar Ingila da ta fara aiki a matsayin nas, ciwon baya ya sa ta koma aikin walwalar marasa lafiya. A 1948 ta yi jinyar wani ɗan Poland mai suna David Tasma da ciwon daji ya kwantar a Landan, ya bar mata fam 500 a matsayin gudummawa ga gidan jinyar da suka yi ta zancensa. Ta lura cewa ba wanda zai saurari nas a kan maganar magani, sai ta koma makaranta tana da shekara talatin da 'yan kai, ta fito likita a 1957. Shekara goma bayan haka, a 1967, ta buɗe gidan jinya na St Christopher's, wanda daga shi ne jinyar sassauci ta zamani ta bazu a duniya.

Abu biyu ta koyar da har yau ake tafiya a kansu. Na ɗaya, kada a jira sai ciwo ya tashi kafin a ba da magani, a riƙa bayarwa a kan lokaci don a tare shi. Na biyu, raɗaɗin mai ciwon ajali ya wuce na tsoka da ƙashi. Akwai na zuciya, wato tsoro da kaɗaici. Akwai na gida, wato wa zai riƙe yara, wa zai biya bashin da aka ci. Akwai kuma na tsakanin bawa da Ubangijinsa. In an magance ɗaya aka bar ukun, mutum ba zai runtsa ba.

Ta biyu ita ce Dakta Anne Merriman, wadda ta yi aikin likita a kudu maso gabashin Najeriya a shekarun 1960. A 1993 ta kafa Hospice Africa Uganda a Kampala, bayan ministan lafiya na lokacin ya amince a shigo da garin mofin, wato maganin kashe raɗaɗi mai ƙarfi. Dabararta mai sauƙi ce: a auna garin, a narkar da shi a ruwa mai tsabta, a zuba abin da zai hana shi lalacewa, a sa masa kala, a ɗura a kwalba. Kore shi ne mai sauƙin ƙarfi, ja ya fi shi ƙarfi, don ko wanda bai iya karatu ba kada ya rikice. Ba allura, ba kwanciya a asibiti. Mai jinya a gida shi zai auna ya ba mara lafiya ta baki duk bayan awa huɗu.

Sai dai likitoci a Uganda sun yi kaɗan, yawancinsu kuma suna birni. Nan ne aikin jagoranci ya nuna kansa. Dakta Jack Jagwe, wani dattijon likita da gwamnati ke jin maganarsa, ya shafe shekaru yana zama da jami'ai da 'yan majalisa da shugabannin asibitoci, yana kwance musu tsoron mofin. A 2004 aka gyara doka, aka ba nas-nas da mataimakan likitoci da suka yi kwas na musamman na wata tara izinin rubuta shi. Gwamnati ce ke biya, mara lafiya na karɓa kyauta. Rose Kiwanuka, nas ta farko a wannan fanni a ƙasar, ta jagoranci ƙungiyar jinyar sassauci ta Uganda shekaru da dama, tana kai aikin gunduma bayan gunduma.

A Najeriya, sunan da ake fara ambata shi ne na Farfesa Olaitan Soyannwo, ƙwararriyar likitar sa barcin tiyata a Asibitin Koyarwa na Ibadan. Ita da abokan aikinta suka kafa wata cibiya mai zaman kanta ta jinyar sassauci, suka yi ta faɗi-tashi har asibitin ya buɗe sashe na musamman a 2007, wanda ma'aikatansa ke bin marasa lafiya har gida. A shekarar ce kuma aka kafa ƙungiyar ƙasa ta ma'aikatan wannan fanni, HPCAN. A Arewa, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, Zariya, yana cikin waɗanda suka kafa nasu sashen. A 2012 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya, da haɗin gwiwar wata ƙungiyar yaƙi da ciwon daji ta Amurka, ta shigo da garin mofin don a riƙa haɗa na ruwa a cikin ƙasa. A 2014 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya zartar da ƙudurin da ya nemi kowace ƙasa ta sa jinyar sassauci cikin tsarin lafiyarta tun daga ƙananan asibitoci. A 2021 Najeriya ta fitar da nata kundin manufa da tsarin aiwatarwa.

Takarda dai ta samu. Saura masu ɗauko ta daga Abuja su kawo ta gefen gadon mara lafiya.

Aikin jagora a gari irin Kontagora

Jagora a nan ba lallai ne ya zama shugaban asibiti ba. Yana iya zama matron ta ɗakin mata, ko mai harhaɗa magunguna, ko matashin likita, ko jami'in lafiyar al'umma da ke riƙe da ƙaramin asibitin ƙauye. Abin da ya bambanta shi da ƙwararren ma'aikaci kawai shi ne, in ya tafi hutu aikin ba ya tsayawa, domin ya riga ya shuka shi a hannun wasu.

Darasinsa na farko shi ne yadda za a ƙetare kalmar nan "da sauƙi". Bahaushe da Bafulatani an tashe su a kan dauriya da kunya, raki abin gori ne, uwa kuma ba ta son ta ɗaga hankalin 'ya'yanta. Nas ɗin da aka horar ba ta tsayawa a ƙofa ta yi tambaya. Takan ja kujera ta zauna daidai da kan mara lafiya, ta nemi 'yan dubiya su ɗan ba su wuri, ta ɗaga tafin hannunta ta ce, "Inna, in hannu a dunƙule yana nufin ba ciwo, yatsa biyar kuma ciwon da ba a taɓa jin irinsa ba, nuna mini na daren jiya." Sau da yawa wadda ta ce da sauƙi ɗazu ita ce za ta buɗe yatsu huɗu ko biyar. Ana amfani da wannan awo na yatsu a ƙasashen Afirka da dama. Aikin jagora ne ya sa a riƙa rubuta shi a katin kowane mara lafiya, kamar yadda ake rubuta zafin jiki da hawan jini.

Na biyu shi ne magani. Tun 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara matakala mai hawa uku: a fara da irin su farasitamol, in bai yi ba a hau kan masu matsakaicin ƙarfi irin kodin da tiramadol, in ciwo ya yi tsanani a ba da mofin. A Arewacin Najeriya waɗannan sunaye suna da nauyi a kunne. Kowa ya ga abin da shan kodin da tiramadol ya yi wa matasa da matan aure, har gwamnati ta hana shigowa da sarrafa maganin tari mai kodin a watan Mayun 2018. Saboda haka likita na ɗari-ɗari da rubuta mofin, mai harhaɗa magunguna na gudun ajiye abin da zai jawo masa tambayoyin hukuma, iyali kuma na tsoron kada a mai da tsohuwarsu 'yar maye ko a gaggauta mata tafiya.

Wannan tsoro ba na banza ba ne, don haka jagora ba ya raina shi. Yakan nuna wa abokan aiki abin da gogewar shekaru ta tabbatar, cewa mofin da aka fara da kaɗan, ana ƙarawa daidai da ciwo a ƙarƙashin kulawar likita, yana kashe raɗaɗi ba tare da ya gusar da hankali ko ya rage kwana ba. Yakan kuma kafa tsarin da zai kwantar wa kowa da hankali: akwati mai makulli, littafin da ake rubuta duk abin da ya shiga da abin da ya fita, ƙidaya a kai a kai, da dawo da ragowar kwalba in mara lafiya ya rasu. A Najeriya likita ne ke rubuta mofin, mai harhaɗa magunguna ya bayar, kuma asibiti ba ya samunsa sai da takardun izinin NAFDAC. Shekaru da yawa babban rumbun gwamnatin tarayya na irin waɗannan magunguna yana Oshodi a Legas. Cike takardun nan, da bibiyarsu, da yin oda kafin na hannu ya ƙare, aiki ne mai cin rai da ba wanda ke yaba wa mai yinsa. In ba a sami wanda ya ɗauke shi ba, kantar maganin za ta zauna wayam.

Na uku shi ne ƙananan dabarun da ke mayar wa mutum mutuncinsa. Warin gyambon ciwon daji, wanda ke korar 'yan dubiya ya bar mara lafiya cikin kunya, yana raguwa ƙwarai in an wanke gyambon da ruwan gishiri mai tsabta aka barbaɗa dakakkiyar ƙwayar Flagyl kamar yadda ma'aikacin lafiya ya nuna. Wanda ba ya iya motsi, a riƙa juya shi duk bayan awa biyu don kada bayansa ya yi gyambo. Mai shan mofin kusan kullum yakan yi fama da taurin bayan gida, saboda haka ana haɗa masa da maganin sassauta ciki tun ranar farko. Duk waɗannan ana iya koya wa 'yar da ke jinya cikin yini ɗaya. Jagora shi ne mai tabbatar da cewa ba a sallami kowa ba sai an koya wa mai jinyarsa, an kuma ba shi lambar wayar da zai kira in dare ya yi tsanani.

Na huɗu ya fi duka wuya, wato magana. Babban ɗa yakan tare likita a baranda ya ce, "Likita, don girman Allah kada ka gaya mata." Ƙauna ce ta sa shi. Amma tsohuwar da ke ganin jikinta na zagwanyewa ta riga ta gane, sai ya zamana ita tana ɓoye musu, su ma suna ɓoye mata. Alhali akwai bashin da take so a biya, da wasiyyar da take so ta bari, da ƙanwar da suka yi shekaru ba sa ga-maciji da take so a kira su yafi juna. Ma'aikacin da aka horar ba ya yanke wa kowa kwana, domin ya san rai na hannun Mai shi, kuma mutanen nan ba za su ƙara sauraron wanda ya yi haka ba. Yakan tambayi mara lafiya me ta fahimta game da ciwonta, me take so ta sani, wa take so ya zauna a wurin. Sannan ya faɗi gaskiya daidai yadda za ta iya ɗauka, ya tabbatar mata ba za a yasar da ita ba. Ba a haifar mutum da wannan baiwa. Koyonta ake yi ta hanyar kallon na gaba da gwadawa a gabansa, shi ya sa sai da jagora.

Yadda ake ƙera jagora

Uganda ba ta bar abin ga sa'a ba. A 2015 Jami'ar Makerere da Jami'ar Edinburgh ta Birtaniya da ƙungiyar jinyar sassauci ta ƙasar suka fara wani shiri na horar da nas 20 a kan jagoranci. Ba a ɗauke su daga wuraren aikinsu ba. Sukan taru na ɗan lokaci su yi karatu, su koma asibitocinsu da aikin da kowacce ta ɗaura aniyar aiwatarwa, ga kuma wata gogaggiya da ke bibiyarta tana ba ta shawara. Abubuwan da ake koyarwa a irin wannan horo ba su cika fitowa a manhajar makarantar jinya ba: yadda za ka san halinka da rauninka, yadda ake haɗa tawaga a raba aiki, yadda ake sasanta likita da nas in sun saɓa, yadda ake tattara alƙaluma a rubuta rahoton da shugaban asibiti ko kwamishina zai karanta, da yadda ake koyar da manya.

Alƙaluman nan su ne makamin jagora. Wanda ya shiga ofis ya ce mutane na shan wahala, za a jajanta masa a sallame shi. Wanda ya ajiye littafi a kan tebur ya nuna yawan waɗanda aka sallama da ciwon da ba ya warkewa cikin wata shida, da unguwanninsu, da awon raɗaɗin kowannensu, da kuɗin kwalbar da za ta ishe su, ya zo da maganar da ke shiga kasafin kuɗi.

Akwai kuma ɓangaren da ake mantawa, wato kula da masu kulawar. Nas ɗin da ta rufe idon mutum uku a mako ɗaya, ta koma gida ta ɗora tukunya kamar ba abin da ya faru, wata rana zuciyarta za ta ƙeƙashe ko ta bar aikin. Ga ƙarancin ma'aikata, ga ƙwararru na ta ficewa zuwa birane da ƙasashen waje. Jagora nagari yakan ware lokaci tawagarsa ta zauna, kowa ya amayar da abin da ke cinsa, a tuna waɗanda suka rasu, a yi musu addu'a. Yakan lura da wadda ta yi shiru fiye da yadda ta saba, ya sauya mata wurin aiki na ɗan lokaci kafin ta karye.

Abin da Kontagora ke da shi a hannu

Garin da Umaru Nagwamatse, jikan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya kafa masarautarsa a ƙarni na 19 ya daɗe da zama mahaɗar hanyoyi da jama'a: Hausawa, Fulani, Kambari, Dukawa, Dakarkari, Musulmi da Kirista. Yana da babban asibiti da ƙauyukan kewaye ke dogaro da shi, da makarantar koyon aikin jinya, ga kuma makarantar fasahar kiwon lafiya a Tungan Magajiya. Malami ɗaya da aka horar a kowace daga cikin makarantun nan zai iya sa duk ɗalibin da ya fito ya san awon yatsu biyar da matakala mai hawa uku kafin a tura shi ƙauye. A Bida akwai cibiyar lafiya ta tarayya, a Minna akwai asibitin ƙwararru, a Zariya akwai waɗanda suka riga suka yi nisa a fannin, kuma yau waya ta sa mai ba da shawara ba sai yana gari ɗaya da ɗalibinsa ba.

Babban jarin ma yana cikin unguwanni. A jihar Kerala ta Indiya, Dakta M. R. Rajagopal da Dakta Suresh Kumar sun fara da ɗan ƙaramin ɗakin duba masu raɗaɗi a birnin Calicut a 1993. Da suka ga likitoci ba za su taɓa isa ba, sai aikin ya koma hannun maƙwabta: 'yan sa-kai da aka ba horo na 'yan kwanaki, suna zaga gidaje, suna gano masu bukata, suna tara taro da sisi, nas na biyo baya da magani. Gundumar Malappuram, inda Musulmi suka fi yawa, tana cikin wuraren da abin ya fi kafuwa. A 2008 gwamnatin jihar ta mai da shi manufarta.

Wanda ya san ƙasar Hausa zai ga ba baƙon abu ba ne wannan. Dubiya hakki ce da addini ya ɗora, zumunci kuma ya ƙarfafa. Ga 'yan agajin ƙungiyoyin addini da suka saba da aikin asibiti da na jana'iza. Ga matan FOMWAN, ƙungiyar da a Minna aka kafa ta a 1985, masu shiga gidajen da namiji ba ya shiga. Ga ƙungiyoyin mata na coci-coci. Ga masu unguwanni da dagatai da hakimai har zuwa fadar Mai Martaba Sarkin Sudan. An ga tasirin sarakuna a yaƙi da shan inna, lokacin da suka haɗa kwamiti a 2009 ƙarƙashin Sarkin Musulmi, har aka tabbatar da Najeriya ta rabu da asalin nau'in ƙwayar cutar a 2020. Liman ɗaya da jagoran asibiti ya zauna da shi ya fahimtar, in ya bayyana a kan mumbari cewa neman sauƙin ciwo ba ya cin karo da haƙuri da ƙaddara, ya buɗe ƙofofin da takardar likita ba za ta buɗe ba. Haɗa waɗannan hannuwa wuri ɗaya, a ba kowa aikin da ya dace da shi, a nuna masa iyakarsa don kada ɗan agaji ya koma rubuta magani, shi ne ainihin abin da ake horar da jagora a kai.

Duk shekara, Asabar ta biyu ta watan Oktoba ita ce ranar jinyar sassauci ta duniya. Hukumar asibitocin Jihar Neja, da makarantun lafiya, da masu hannu da shuni na garin, suna iya sa wa kansu buri ɗan ƙarami kafin ta zagayo: a zaɓi likita ɗaya, nas biyu da mai harhaɗa magunguna ɗaya, a tura su Zariya ko Ibadan ko Kampala su koyo, a yi musu alkawarin ba za a sauya musu wurin aiki da zarar sun dawo ba, a ba su ɗaki ɗaya da akwati mai makulli da babur na zaga gidaje.

In an yi haka, motar nan za ta ci gaba da shigowa ta hanyar Tegina bayan magariba, domin ciwon daji ba zai daina zuwa ba. Amma kashegari, cikin 'yan dubiya za a ga wata mai fararen kaya da ƙaramar jaka. Za ta zauna a bakin gado ta ɗaga tafin hannu, ta wanke gyambon, ta nuna wa 'yar layin da za ta tsaya a jikin abin awo, ta rubuta lokutan shan maganin a kwali a manna a bango tare da lambar wayarta. Da ƙarfe goma na dare 'yar za ta haska tocila, ta auna, ta tallafo kan mahaifiyarta ta ba ta. Tsohuwar za ta yi barci har kiran assalatu, ta farka da ƙarfin da za ta ce a kira mata ƙanwarta, akwai maganar da take so su yi.